Mai keke ya bar wa direba zagi, amma kada ya bar masa hanya

Kwanan baya ina cikin a-daidaita-sahu a titin Katsina, wajen Kurna a birnin Kano, muka cim ma wani dattijo a kan keke, ya ɗauro buhun alayyahu a kariya, yana taka feda a hankali. Direbanmu yaro ne, bai wuce sa'ar jikan dattijon ba. Ya danna masa hon, ya matse shi har tayar gaba ta nutse cikin rairayin gefen kwalta, sannan ya leƙo ya ce, "Baba, titin na gidanku ne?" Dattijon ya dire ƙafa don kada ya faɗi, ya gyara zaman buhunsa, bai ce uffan ba.

Rashin kunyar yaron mun saba da ita. Abin da ya tsaya min a rai maganar fasinjan da ke kusa da ni ce, mutum kamili cikin farar shadda: "Ai su ma masu keken nan ba sa ji. Me ya kawo keke kan babban titi?" Sauran fasinjoji kuma suka gyaɗa kai.

Ra'ayina a nan ba shi da tsawo. Dattijon ya yi daidai da ya kame bakinsa. Amma tun farko bai kamata a same shi manne da bakin kwata ba, yana tafiya a ɗarare kamar wanda ya ratsa ta gonar wani. Mai keke ya bar wa direba zagi, amma kada ya bar masa hanya. Mu kuma masu ba shi haƙuri mu daina cakuɗa waɗannan abubuwa biyu. Yin shiru yana tsare rai. Raɓewa kuwa ita ke kai mutum ƙarƙashin taya.

Dalilin da ba a tanka wa direba

Ba don direban yana da gaskiya ba. Don dai shi yana cikin ƙarfe mai nauyi, kai kuwa kana kan sirdi, babu abin da ke tsakaninka da kwalta sai riga. In rai ya ɓaci ya ɗan karkato sitiyari, asararsa fenti ne. Taka asarar ƙashi ce, in an yi sa'a. Faɗan da ɗaya ya sa fenti ɗaya ya sa rai, mai hankali ba ya shigarsa ko da shi ne mai gaskiya.

Sannan mutumin da ya ɗura maka ashar bai san ka ba, bai ma kalli fuskarka ba. Ɗan adaidaita ya fito tun asuba da lissafin balas ɗin mai mashin a kansa, ga kuɗin mai, ga tikiti, ga cefane. Duk abin da ya tsaya tsakaninsa da fasinja na gaba abokin gaba ne a wurinsa, ko keke ne ko akuya. Wannan ba uzuri ba ne gare shi. Na kawo shi ne don mai keke ya san cewa in ya tsaya mayar da martani, yana kare mutuncin da direban bai ma lura ya taɓa ba.

Akwai kuma abin da masu hawa keke suka sani, waɗanda ba sa hawa ba su sani ba. Fushi ba ya sauka a inda aka tsokano shi. Direban ya wuce, ya manta, amma kai kana tafe kana maimaita maganar a zuciya, kana tsara amsar da ya kamata ka ba shi. A wannan 'yar tazara ce ake faɗawa rami, a nan ake shiga shataletale ba a duba hagu ba. Sau da yawa haɗarin da ke samun mai keke ba a wurin zagin yake ba, yana can gaba kaɗan. Hadisin da ya ce mai ƙarfi shi ne wanda ya mallaki kansa lokacin fushi, a kan keke ba wa'azi kaɗai ba ne, dabarar komawa gida lafiya ce.

Ƙwararrun masu keke na cikin gari, irin masu kai burodi da masu kai kaya kasuwar Sabon Gari, ka lura da yadda suke yi. Ba sa daƙuwa, ba sa dukan jikin mota. Sukan waiwayo su haɗa ido da direba, su ɗaga hannu. Ɗaga hannun nan yana iya zama "na gan ka," yana iya zama "dakata kaɗan," yana iya zama "na gode," kuma a mafi yawan lokuta yana kashe wutar kafin ta kama. Direba yana iya zagin bayan mutum, amma zagin fuskar da ta kalle shi ta ce "Malam, a yi haƙuri, ga rami nan" ya fi masa wuya.

In kuwa abin ya wuce baki, an taɓa ka ko an taka maka taya, a nan shiru ya ƙare. Amma ba cacar baki ba ce magani. Riƙe lambar motar ko lambar da ke jikin adaidaitan, ka nemi mutum biyu da suka ga abin, ka nufi jami'in da ke kusa. A Kano ba a rasa mai tsayawa. Sai dai a kiyayi taron da ke rikiɗewa ya koma duka, domin ba shi zai gyara maka keke ba, kuma alhakin abin da ya faru zai iya dawowa kanka.

Gefen titi ba mafaka ba ne

Nan ne na saɓa da yawancin masu ba da shawara. Iyaye na gaya wa yaro, "Ka bi gefe sosai, ka bar musu hanya." Da kyakkyawar niyya suke faɗa. Amma wanda ya faɗi haka ya taɓa duba abin da ke gefen titunan garin nan kuwa?

Rairayin da iska da ruwa suka taro, a can yake kwance, kuma siririyar taya in ta shige shi sai ta kwace wa mai ita. Ƙusa da fasasshiyar kwalba, can tayoyin motoci ke watsa su, shi ya sa masu faci ba sa rasa ciniki. Kwalbatin da aka sace murfinsa yana can. Da damina ruwa ya rufe ramin, ba ka sanin zurfinsa sai ka ji ka a ciki. Mai tallan lemo ya kafa tirensa, mai baro ya jingine, mai mota ya faka ya buɗe ƙofa ba tare da ya kalli madubi ba. Uwa uba 'yan adaidaita, waɗanda suka cika gari tun bayan da gwamnatin Kano ta hana acaɓa a watan Janairun 2013. Gefen titi shi ne tasharsu. Da zarar an ɗaga musu hannu sai su yanko daga tsakiya su tsaya cak a gabanka, ba sigina ba komai.

To wanda ya manne a wannan wuri, in wani abu ya ɓullo masa, ina zai kauce? Dama kwata ce. Hagu ne kaɗai ya rage, wato ya faɗa gaban motar da ke tafe, kuma bagatatan. Daga nan sai a ce mai keke ne ya shigo wa direba.

Akwai abu na biyu da ya fi wannan. Idan ka raɓe, ka gaya wa direba cewa akwai wurin wucewa, ko da babu. Zai kutso ta tsakaninka da motar da ke ɗaya layin, madubinsa na shafar gwiwar hannunka. Amma idan ka bar kamar mita ɗaya tsakaninka da bakin titi, ka miƙe sambal ba ka lanƙwasa, dole ya gan ka a matsayin abin hawa, ya rage gudu, ya jira sarari, ya kewaye ka yadda zai kewaye mota. Zai yi hon. Watakila ya yi zagi. Hon ɗin nan kuwa shaida ce cewa ya gan ka, kuma direban da ya gan ka ya fi wanda bai gan ka ba sauƙin sha'ani.

A inda hanya ta tsuke, kamar bakin kwalbati ko wurin da aka faka motoci a jere, waiwaya, miƙa hannu, ka shiga tsakiyar layin har ka wuce matsatsin, sannan ka koma dama ka ɗaga wa na baya hannu. Ba taurin kai ba ne. Ka hana shi gwada abin da zai jawo muku nadama ne ku duka biyu.

Wuri ɗaya na cire: tirela da tifa. Babu wata gaskiya da za a tsaya nema a gefen babbar mota. Direbanta ba ya ganin abin da ke ƙasan ƙofarsa ta dama, kuma in zai karya kwana tayoyin baya ba sa bin sawun na gaba, sukan yanko ciki. Kada a shiga tsakaninta da bakin titi a mahaɗa, ko da tana tsaye. A tsaya a bayanta, ta tafi abinta.

"Me ya kawo keke kan titi?"

In koma kan tambayar mai farar shadda, domin ba shi kaɗai ke da ita ba. Wasu ma sukan ƙara da cewa mai mota yana biyan kuɗin lamba da lasin, mai keke ba ya biyan ko sisi.

Kuɗin lasin ba kuɗin hayar titi ba ne. Da baitulmalin jama'a ake shimfiɗa kwalta, daga kason tarayya da harajin da kowa ke biya, har da mai alayyahu duk lokacin da ya sayi katin waya. Littafin ƙa'idojin hanya na Najeriya ma ya san da mai keke, ya ware masa nasa sashe. In kuma ɓarna za a lissafa, keke dubu ba za su yi wa titi abin da tifa ɗaya mai ɗauke da yashi ke yi masa ba.

Ba baƙo ba ne kuma. Dattawa sun san zamanin da ake yankar lasin keke a hannun En'e, zamanin da malamin makaranta da akawu da ɗan kasuwa ke alfahari da keke samfurin Rale ko Hamba, har kamfanin Raleigh ya kafa masana'anta a Kano. Motar ce ta zo ta tarar da keke, ta yi yawa, ta ture shi gefe.

"Ai su ma suna karya doka"

Suna karyawa. Wannan ba abin musu ba ne, kuma ba na son masu keke su karanta rubutun nan su ɗauka wanke su na zo yi. Akwai mai tsallake danja tana ja. Akwai mai saɓa hannu don ƙyuyar zagayawa. Akwai mai tafiya da daddare cikin baƙar riga, ba fitila ba wani abu mai ƙyalli, a titin da shi ma ba fitila. Akwai yaran da ke riƙe bayan tifa don ta ja su, akwai mai birkin da tafin silifas ne. Duk wanda ke neman a ba shi matsayin abin hawa, to ya bi dokar abin hawa. Wanda ke saɓa hannu ba shi da bakin cewa an matse shi, kuma yana jawo wa sauran baƙin jini.

Amma a yi adalci. Laifuffukan nan, in ka cire riƙe bayan tifa, wanne ne masu mota da 'yan adaidaita ba sa yi a kullum? Ba mu taɓa cewa a kore su daga titi saboda haka ba. Kuma sakamakon ba ɗaya ba ne. Mai keke in ya yi ganganci, galibi kansa ya cuta. Mai mota in ya yi, wani ne ke kwana a asibiti. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗuran hanya kowace shekara, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur, kuma in aka auna da yawan jama'a nahiyarmu ta Afirka ce kan gaba.

Shi ya sa wasu ƙasashe suka ɗora nauyi daidai ƙarfin abin hawa. A Birtaniya, tun watan Janairun 2022 ƙa'idar hanya ta fayyace cewa wanda abin hawansa ya fi iya ɓarna shi ya fi ɗaukar alhakin kiyaye na ƙasa da shi, ta kuma ce direba ya bar aƙalla mita 1.5 in zai wuce mai keke. A Holan, in mota ta buge mai keke, ko da shi ne da laifi, a ƙa'ida ɓangaren mai motar ne zai biya aƙalla rabin diyya, in yaro ne ɗan ƙasa da shekara 14 kuwa ya biya duka. Wani zai ce wannan tsarin Turawa ne. To mu da aka karantar da mu cewa mahayi shi ke fara yi wa mai tafiya a ƙasa sallama, ai ba mu buƙatar Bature ya koya mana cewa wanda ke sama shi ladabi ya fara hawa kansa.

Sakan 15

Saura masu cewa keke na ɓata musu lokaci. A yi lissafi. Mai keke da ke gudun kilomita 15 a awa yana cin mita 100 cikin sakan 24. Mota mai gudun kilomita 40 tana cinye ta cikin sakan 9. Wato in ka bi bayansa tsawon filin ƙwallo kafin ka samu sararin wucewa, sakan 15 ka rasa. Direban da ya kusa karya mutum saboda sakan 15 shi ne zai je Bata ko bakin Kantin Kwari ya share rabin awa a cunkoso, kuma ba keke ne ya haɗa cunkoson ba. Mai keken ma zai zo ya wuce shi a can.

Raini ne

Duk waɗancan hujjoji, a ganina, sutura ce kawai. Abin da ke ƙasa raini ne. Yaron da ya tambayi dattijo ko titin na gidansu ne, in wata ƙatuwar jif mai baƙin gilashi ta tsaya a tsakiyar hanya mai ita yana sayen tsire, ba zai danna hon ba. Zai lallaɓa ya kewaye. Ashe yana da haƙuri, zaɓen wanda zai yi wa yake yi. Mun mayar da keke tambarin talauci, shi kuma talaka mun ɗauka duk inda aka gan shi tare hanya ya yi.

A 2001, lokacin Obasanjo, Ministan Sufuri Ojo Maduekwe ya yi ta kiran 'yan Najeriya su koma hawa keke, shi da kansa yana hawa zuwa ofis a Abuja. Wata bas ta ture shi cikin kwata. Abin da ƙasa ta ɗauka daga wannan labari dariya ce: minista a kan keke. Kaɗan ne suka tsaya tambayar yadda aka yi babban birnin tarayya, mai faffaɗan tituna, ya kasa ba keke ɗaya wurin wucewa.

Yau dariyar ta ragu. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka sanar da cire tallafin mai, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500, daga baya har ta taɓa wuce 1,000. Malaman makaranta da ƙananan ma'aikata da ɗalibai da yawa sun kakkaɓe tsofaffin kekuna ko sun sayi na gwanjo. Wanda kake matsewa yau yana iya zama malamin da ke koyar da ɗanka, ko limamin da ka bi sallar asuba. Ko da yake wannan ma ba hujja ce mai kyau ba, don mai alayyahu bai kamata sai ya zama limami kafin a bar shi ya wuce ba.

Su ma hukumomi da irin wannan ido suke kallon keke. Daga Ƙofar Nassarawa zuwa Kabuga, Gadon Ƙaya, Dangi, Sabon Gari da Hotoro, an kashe biliyoyi a gadojin sama da na ƙasa. An yi su ne don mota ta wuce da gudu, kuma sun rage cunkoso a wurare, ban musa ba. Amma ka tsaya a bakin ɗaya daga cikinsu ka tambayi kanka inda mai zanen ya nufa mai keke ya bi. A Wagadugu, babban birnin Burkina Faso, wasu manyan tituna suna da layin da aka keɓe wa masu ƙafa biyu, kuma ba su fi mu kuɗi ba. Holan ɗin da ake misali da ita, ita ma ba haka ta tashi ba. A 1971 mutum sama da 3,000 suka mutu a titunanta, fiye da 400 yara ne. Iyaye suka fito zanga-zanga suna cewa a daina kashe musu 'ya'ya, ƙarancin mai na 1973 ya zo ya ƙara matsa lamba, sannan aka fara sake fasalin tituna.

Ban ce gobe Kano ta zama Holan ba. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC takan yi bikin ranar keke ta duniya duk 3 ga Yuni, manya su hau sababbin kekuna da rakiyar jiniya, a ɗauki hoto. Madalla, amma mai burodi ba shi da jiniya. Abin da zai amfane shi ƙanana ne, kuma ba su kai kuɗin ƙafar gada ɗaya ba. A riƙa kwashe rairayin gefen manyan tituna, a rufe kwalbatocin da ke buɗe kafin damina. 'Yan KAROTA, wato jami'an kula da zirga-zirgar ababen hawa na Kano, su ɗauki matse mai keke a matsayin laifin da ake tsayar da direba a kansa, kamar yadda suke tsayarwa a kan tsallake danja. Shugabannin 'yan adaidaita da na direbobin haya, waɗanda maganarsu ta fi ta gwamnati shiga kunnen yaransu, su sa wannan cikin abin da ake gaya wa sabon direba ranar da aka miƙa masa makulli. Sabon titin da za a zana kuma, tun a kan takarda a bar wa keke layinsa, a sa masa dakalin da zai hana a mayar da shi wurin fakin ko kasuwar kayan gwari.